Damtsen da Fura ta Gina

Duk mai bin ƙwallon Ingila a gidajen kallo na Rabah, Wurno da Goronyo ya san Kofin Carabao. Yaro ɗan shekara goma zai iya lissafa ƙungiyoyin da suka ɗauke shi a 'yan shekarun nan, ya kuma yi gardama a kan ko kofi ne na kirki ko na rage zafi. Kaɗan ne daga cikin masu wannan gardama suka san cewa Carabao sunan lemon ƙara kuzari ne na ƙasar Tailan, kuma tun 2017 kamfaninsa ke biyan kuɗi domin a riƙa kiran gasar da sunansa. Sunan ya shiga bakin mutanen da ba su taɓa ganin gwangwanin ba, ya zauna daram kamar sunan gari. A sana'ar talla babu cinikin da ya fi wannan riba.

Asalin dabarar ma daga Tailan ɗin ta fito. A shekarun 1970 wani ɗan kasuwa, Chaleo Yoovidhya, ya haɗa wani abin sha mai zaƙi da ya raɗa wa suna Krating Daeng, wato jan ɓauna. Masu sayensa direbobin manyan motoci ne da leburori da manoma, mutanen da ke neman abin da zai hana idonsu rufewa har aiki ya ƙare. Wani ɗan Ostiriya mai tallan man goge baki, Dietrich Mateschitz, ya ɗanɗana shi a wata tafiya, suka yi yarjejeniya da Chaleo, aka sake masa ɗanɗano da sutura, a 1987 ya fito kasuwar Turai da sunan Red Bull. Matsalar Mateschitz ita ce yadda zai sa ɗan birnin Turai ya biya kuɗi mai tsoka a kan abin shan leburori. Sai ya nemi jikin 'yan wasa. Ya fara da masu tseren mota da masu tsalle-tsallen ganganci a duwatsu da sararin sama, daga baya ya ga sayen filin gaba ɗaya ya fi hayar ɗan wasa: ƙungiyar ƙwallon Salzburg da ta tseren Formula 1 a 2005, ta New York a 2006, ta Leipzig a 2009. A Salzburg Sadio Mané ya yi wasa daga 2012 zuwa 2014 da jajayen bijimai biyu a ƙirjinsa, Naby Keïta ya bi ta Salzburg da Leipzig, Ademola Lookman ma ya taka leda a Leipzig. A farkon 2025 Jürgen Klopp ya zama shugaban harkar ƙwallo na kamfanin baki ɗaya.

Bayan wannan dogon zagaye, lemon ya komo hannun mutanen da aka fara yin sa dominsu. Gwangwanin Red Bull ya fi ƙarfin aljihun mai aikin ƙarfi a Nijeriya, amma kasuwa ta cike giɓin da robobi masu araha: Fearless na kamfanin Rite Foods da ke jihar Ogun, Predator da kamfanin Monster ya mallaka, da wasu da dama. A gari irin Maikujera da ke ƙaramar hukumar Rabah, roba tana cikin kular mai shago tare da ruwan leda. Mai sayenta shi ne manomin rani da zai kwana yana ban ruwa a fadama, da ɗan kabu-kabu mai jigilar Rabah zuwa Sakkwato, da mai dakon buhunan albasa da tafarnuwa ranar kasuwa, da saurayin da ke sassabe a ranar watan Afirilu, lokacin da zafin wannan yanki ke wuce maki 40. Waɗannan su ne takwarorin direbobin Tailan na 1970. Sai kuma yaron da ya samu canji, wanda ba gajiya ta kawo shi ba, sha'awa ce.

Ya kamata a kula da sunayen da aka raɗa wa waɗannan lemuka, domin Bahaushe ya san irinsu. Jan bijimi, ɓauna, dodo, mafarauci, marar tsoro, ƙarfin doki, harsashi. Wannan kirari ne, irin wanda ɗan dambe ke yi wa kansa idan ya ɗaga hannu a tsakar fage kalangu na tashi. Robar ta zo da kirarinta a rubuce. Abin da ta rasa shi ne jikin da zai gaskata shi, kuma a ƙasar Sakkwato babu jikin da ya fi na ɗan dambe da ɗan kokawa dacewa da wannan aiki.

A nan wani zai ce ai ba sabon abu ba ne, dambe bai taɓa rayuwa ba tare da mai ɗaukar nauyi ba. Gaskiya ne, kuma wannan yanki ya fi ko'ina sanin haka, domin ƙasar Gandi da ke cikin Rabah ita ta haifi Muhammadu Bawa Ɗan'anace, makaɗin da ya sa sunan Shago da na Ɗandunawa suka wuce zamaninsu. Damben da Ɗan'anace ya yi wa kiɗa yana tafiya ne da kuɗin wasu: mahauta waɗanda wasan ya samo asali a cikinsu, sarakunan fawa, attajirai, masu gari da ke kiran wasa bayan kaka idan amfani ya shiga rumbu. Ɗan dambe yana da ubangida mai ciyar da shi, mai ɗinka masa sutura, mai ɗaukar jinyarsa idan ya karye. Idan ya yi kisa a yi masa kari, wani ya ba da riga, wani doki, a zamanin baya-bayan nan babur ko mota. Ubangidan ma ba don Allah kaɗai yake yi ba. Yana sayen suna ne, makaɗi ya ambace shi, 'yan kallo su san wane ne ke riƙe da wane.

To amma cinikin ubangida a fage yake ƙarewa. Ya ba da doki, an faɗi sunansa, kowa ya watse. Ba a bukaci ɗan kallo ya je gida ya haɗiye komai ba. Kamfanin lemo kuwa ba ya samun ko kwabo daga ambaton suna sai ambaton ya zama saye, sayen ya zama sha, shan ya zama ɗabi'a. Kuɗin da ya bai wa ɗan wasa bashi ne da zai karɓo daga aljihun 'yan kallo da jikinsu. Saboda haka idan aka ce kamfani ya maye gurbin attajirin da, an ɓoye mutum na uku da ya shigo cinikin ba da saninsa ba.

Kuma dambe ya riga ya kai matsayin da kamfanoni ke leƙowa. Wasan da a da sai an je Ado Bayero Square a Sabon Garin Kano ko Dei-Dei a Abuja ake ganinsa, yanzu yana cikin wayar kowa. Shafin Dambe Warriors a YouTube ya kai shi ga miliyoyin masu kallo a ƙasashen da ba su taɓa jin kalangu ba. Kamfanin African Warriors Fighting Championship na Maxwell Kalu ya sa masa dokoki da aji-aji na nauyi, ya kuma samu ɗaukar nauyi daga Stake, kamfanin caca na intanet. Wanda ya kalli damben zamani na UFC, inda Kamaru Usman da Israel Adesanya suka yi suna, ya ga tambarin Monster a shimfiɗe ƙarƙashin ƙafafunsu. Masu kuɗin da ke bin wasannin faɗa a duniya sanannu ne: caca, giya, lemon kuzari. Daga cikin ukun, biyu suna da shinge a ƙasar Hausa, domin addini ya yi magana a kansu ƙarara kuma jama'a sun ji. Na ukun ba shi da shinge. Halal ne, yana da lambar NAFDAC, ana shan sa a bainar jama'a har a wurin buɗa baki. Shi ya sa zai fi sauran saurin isa ƙirjin ɗan damben Arewa ko Guramada, kuma shi ya sa ya fi bukatar a yi masa tambaya.

Me ke cikin robar? Ruwa, sukari, da sinadarin kafeyin, sai 'yan ƙare-ƙare irin su taurin da bitamin. Kafeyin ba baƙo ba ne a wurinmu. Shi ne a cikin goron da Hausawa suka yi ɗaruruwan shekaru suna fataucinsa daga Gwanja, shi ne a shayin da ake dafawa a ƙaramar buta har zubi uku. Wanda ke tauna goro bayan kowace salla ba shi da bakin tsine wa kafeyin. Binciken kimiyyar wasanni ma ya tabbatar da cewa ƙayyadadden adadinsa yana taimaka wa ɗan wasa ya jure, kuma hukumar yaƙi da shan ƙwayoyin ƙara kuzari ta duniya, WADA, ta cire shi daga jerin haramtattu tun 2004. Dole a faɗi wannan, don kada magana ta zama ta masu ganin kowane sabon abu guba ne.

Sai dai yadda yake aiki ya saɓa wa abin da talla ke nunawa. A tsawon yini wani sinadari mai suna adinosin yana taruwa a ƙwaƙwalwa, shi ke sanar da mutum cewa ya gaji. Kafeyin yana toshe wuraren da wannan saƙo ke sauka. Gajiyar tana nan, labarinta ne ba ya isowa. Manomin da ya sha roba biyu ya kwana a bakin injin ban ruwa bai samu sabon ƙarfi ba, ya ci bashin barci ne, kuma jiki mai bin bashi ne da ba ya yafewa. Hukumar kula da ingancin abinci ta Tarayyar Turai ta ce a 2015 babban mutum mai lafiya zai iya shan miligiram 400 a yini ba tare da fargaba ba, amma yara da matasa kada su wuce miligiram 3 a kan kowane kilo na nauyinsu. Yaro mai kilo 30 ke nan iyakarsa 90. Ƙaramin gwangwanin Red Bull mai mililita 250 yana ɗauke da 80, kuma robobin da ake sayarwa a ƙauyukanmu na mililita 400 ne zuwa 500. Sai sukari: wannan ƙaramin gwangwani yana da kimanin giram 27, alhali Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar babba kada ya wuce kimanin giram 50 a yini, idan da hali ma ya tsaya a 25. Goro yana da ɗaci, ɗacin ne ke tsayar da mai ci. Roba mai sanyi da zaƙi a ranar bazara ba ta da abin da zai tsayar da kowa. Ga kuma wata al'ada da ta yaɗu a Afirka ta Yamma, ta jefa tiramol a cikin lemon a kaɗa a sha. Ba kamfani ne ya koyar da ita ba, amma a wannan kasuwar yake sayar da kayansa, kuma ya sani.

Idan aka ajiye lissafin miligiram, abin da ya rage shi ne maganar shaida. Ɗan wasan da ya ɗaga roba bayan ya yi kisa bai furta komai ba, amma kowa ya ji abin da ya ce: wannan damtse daga nan ya fito. Alhali mutanen garinsu sun san daga inda ya fito. Huɗa ce ta gina shi, da saran itace, da kaye da fiɗa a mahauta, da tuwon gero da fura da nono, da gudun asuba, da shekarun shan naushi a hannun manya kafin a bar shi ya sa zare. Kamfani ya zo bayan an gama gini ya liƙa takardarsa a bango. A kasuwar hatsi, wanda ya shimfiɗa kyakkyawan gero a saman buhu ya ɓoye jiƙaƙƙe a ƙasa an san sunan abin da ya yi, algus ne. Wanda ya tsaya ya ce ya ga abin da bai gani ba shi ma an san sunansa. Talla da jikin ɗan wasa tana ratsawa ne tsakanin waɗannan biyu, ta yadda ba za a kama ta da ko ɗaya ba, tunda ba a faɗi ƙarya da baki ba.

Su kansu kamfanonin sun san tazarar da ke tsakanin hoto da gaskiya. Monster ya daɗe yana cika ruwa zalla a gwangwanaye masu kama da na lemonsa domin mawaƙan da yake ɗaukar nauyi su riƙa sha a kan dandamali, masu kallo na zaton lemon ne. A 2014 Red Bull ya amince ya biya dala miliyan 13 a Amurka don kashe wata ƙara da masu saye suka shigar a kan cewa tallansa ya zuzuta amfanin lemon fiye da kima, kodayake bai amsa laifi ba.

Wanda hoton ya fi kamawa shi ne yaro. Babba ya san ɗan dambe neman abinci yake. Yaron da ke naɗe tsumma a hannu yana kwaikwayon turmi a bayan gida bai san kwantiragi ba, gwaninsa kawai ya gani. Ƙungiyar likitocin yara ta Amurka ta ce tun 2011 waɗannan lemuka ba na yara da matasa ba ne. Lituweniya ta hana sayar da su ga wanda bai kai 18 ba a 2014, Latbiya ta bi a 2016, Folan a 2024, manyan kantunan Birtaniya kuma suka daina sayar wa 'yan ƙasa da 16 tun 2018 bisa raɗin kansu. A nan gida gargaɗin yana jikin robar, da Turanci, da haruffan da sai an kanne ido, a yankin da yawancin masu saye Hausa da ajami suka fi sani.

Duk da haka, rashin adalci ne a ɗora wannan kaya a kan ɗan dambe shi kaɗai, kuma masu ilimin da ke saurin yin haka daga ofis mai sanyi ya kamata su dakata. A watan Yunin 2021, a gasar ƙasashen Turai, Cristiano Ronaldo ya ture kwalaben Coca-Cola daga gabansa ya ɗaga ruwa, washegari Paul Pogba ya sauke kwalbar Heineken. Duniya ta tafa. Amma Ronaldo ya ture abin da ba ya bukata ne. Frédéric Kanouté na Mali ya rufe tambarin kamfanin caca a rigarsa ta Sevilla a 2006, Papiss Cissé na Senegal ya ƙi sa rigar Newcastle mai tambarin kamfanin bashi da ruwa na Wonga a 2013. Dukansu biyu masu albashi ne mai kauri, kuma dukansu daga baya sun sa rigar bayan an daidaita. Hashim Amla na Afirka ta Kudu ne ya samu a cire masa tambarin giyar Castle daga rigarsa ta wasan kurket. Idan miloniya ya sha wuya kafin ya ce a'a, me za a ce da saurayin da ya baro ƙauye a gabashin Sakkwato, inda 'yan bindiga suka hana noma a wurare da yawa suka kuma tarwatsa garuruwa? Sana'arsa 'yar shekaru ce, naushi ɗaya na iya rufe ta. Ba shi da inshora, ba shi da fansho, kuma akwai iyaye da ƙanne da ke jiran abin da zai aiko. Idan aka miƙa masa kuɗin da ya fi na turmi ashirin don ya riƙe roba a hoto, zai karɓa, kuma mai cewa kada ya karɓa sai ya zo da abin da zai maye gurbinsa.

Abin da za a iya nema a wurinsa shi ne ya san abin da yake sayarwa, ya kuma sayar da shi da tsada da sharaɗi. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski, saboda haka kafin a karɓi ladan ake yanke irin askin. Tambari a wando daban yake da ɗaga roba ana cewa ita ce sirrin nasara. Rabon lemo kyauta a bakin fage, inda rabin masu tsayuwa yara ne, abu ne da mai gidan dambe zai iya hanawa da kalma ɗaya. Kuɗin ɗaukar nauyi zai iya haɗawa da likita a gefen fage da jinyar wanda ya ji rauni, abin da ubangidan da yake yi ba tare da an rubuta ba. Kuma hoton ɗan wasa yana da wa'adi: kamfani kada ya ci gaba da amfani da fuskarsa shekaru bayan kuɗin ya ƙare, ko bayan shi kansa ya kwanta.

Sauran nauyin na hukuma ne, kuma Nijeriya ta taɓa bin wannan hanya. A shekarun 1990 taba sigari ce ke ɗaukar nauyin manyan bukukuwan kiɗa, irin su Golden Tones na Benson & Hedges, kamar yadda Marlboro ya mamaye tseren mota a duniya. A lokacin ma an ce idan aka kori kuɗin taba nishaɗi zai mutu. Dokar taƙaita taba ta 2015 ta hana tallanta da ɗaukar nauyi da sunanta, kiɗa da wasanni kuma suna nan. Lemon kuzari bai kai taba illa ba, ba a kuma bukatar a yi masa irin wannan kora. Amma abin da ke ƙasa yanzu ya yi kaɗan. Harajin naira 10 a kan kowace lita ta lemo mai sukari, wanda dokar kuɗi ta 2021 ta kawo, hauhawar farashi ta cinye shi tun kafin mai saye ya ji. Hukumar ARCON, wadda ta gaji APCON a 2022, tana da ikon tantance talla kafin ta fita, sai dai tallan da ke tafiya ta WhatsApp da TikTok da bakin mai lasifika a gidan dambe ba ya biyowa ta teburinta. NAFDAC na da ikon cewa a rubuta adadin kafeyin da gargaɗin yara da masu ciki da harshen da mai saye ke ji, da haruffan da ido ke gani.

Akwai kuma wani gurbi da babu hukumar da za ta cike shi. Takardar da za a kawo wa ɗan dambe da Turancin lauyoyi za a rubuta ta, a birni, wakilin kamfani ya karanta masa abin da ya ga dama, shi kuma ya dangwala yatsa. Rabah da Wurno da Goronyo suna da 'ya'ya lauyoyi da likitoci da 'yan jarida a Sakkwato da Kaduna da Abuja, kuma da yawansu suna kallon damben nan a waya da dare, sun san wa ya kashe wa a makon jiya. Karanta kwantiragi mai shafi huɗu da fassara shi ga mai shi aikin rabin awa ne.